Shamuwa Ta San Lokacinta

Karatu: Ayuba 39:1-18, Irmiya 8:7, Farawa 2:15

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a garin Bauchi ya san halin watan Maris. Hunturu ya wuce, ruwan sama bai sauka ba tukuna, rijiyoyi sun ja baya, 'yan ga-ruwa suna ta kai da kawowa da kurarsu daga Yelwa har Fadaman Mada. Da dare sai a fito da tabarmi tsakar gida, domin ɗaki ba ya shiguwa. Lokaci ne da kowa ke roƙon ya wuce da sauri. Amma a daidai wannan lokaci ne motoci ke fita daga gari ta hanyar Gombe, ɗauke da baƙi daga Legas da Abuja da ƙasashen waje, sun nufi gandun dajin Yankari. Zafin da ke fitar da mutum daga ɗakinsa shi ne ke tattaro namun daji zuwa bakin ruwa, inda ido zai iya ganinsu.

Abin mamaki shi ne, akwai iyalan masu bi da yawa waɗanda 'ya'yansu a Bauchi aka haife su, a Bauchi suka yi makarantar Lahadi, sun san labarin jirgin Nuhu daga farko har ƙarshe, amma ba su taɓa ganin giwa ba sai a hoton kalanda. Baƙo ya ƙetaro teku domin ya ga abin da ɗan gari bai ɗaga ƙafa ya je ya gani ba. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, gama halittun Allah suna da abin da suke koyarwa, kuma wanda bai san darajar abu ba, ba zai tsare shi ba. Kafin a shiga Yankari, ya kamata a fara leƙa wani gari mai nisa, wanda mutanensa suka koyi wannan darasi bayan sun kusa rasa abin da aka ba su.

Garin Da Ke Jiran Baƙi Daga Teku

A ƙasar Afirka ta Kudu, wajen kilomita 120 daga birnin Cape Town, akwai wani ƙaramin gari a bakin teku mai suna Hermanus. Asalinsa garin masunta ne. Yau kuwa sunansa ya kai ko'ina a duniya saboda waɗansu baƙi da ke zuwa masa kowace shekara ta cikin ruwa, wato manyan dabbobin teku da ake kira wel. Akan ce musu kifi saboda siffarsu, amma a gaskiya sun fi kusa da ayu wanda masuntan Binuwai da Kwara suka sani. Da huhu suke numfashi, haihuwa suke yi, suna kuma shayar da 'ya'yansu nono. Irin wanda ke zuwa Hermanus yakan kai tsawon mita 15, nauyinsa kuma yakan wuce tan 40, wato ya fi manyan giwaye shida a haɗe.

Waɗannan dabbobi suna kiwo ne a ruwan sanyi na can kudancin duniya, wajen yankin ƙanƙara. Duk da girmansu, abincinsu ƙananan halittun ruwa ne, waɗansu ba su fi ƙwayar shinkafa ba, suna tace su daga ruwa kamar yadda mace ke tace gasara da rariya. Daga watan Yuni sai su fara isowa gaɓar Afirka ta Kudu bayan tafiyar dubban kilomita, su zauna har wajen Nuwamba. Abin da ke kawo su shi ne haihuwa. Uwa takan ɗauki ciki kusan shekara guda, ta nemi lungun teku inda ruwa yake kwance, ta haifi ɗa wanda tun ranar haihuwarsa ya fi mita 4. Watannin da za ta yi tana shayar da shi kusan ba ta cin komai, kitsen jikinta ne ke zama nono, har sai ɗan ya yi ƙarfin da zai bi ta su koma kudu. Haka nan wani irin wel ɗin dabam yakan zo gaɓar Gabon da Binin da Togo tsakanin Yuli da Oktoba, wato tekun da Nijeriya ke bakinsa ke nan.

A Hermanus an gyara wata hanyar ƙafa mai tsawon kusan kilomita 12 a kan duwatsun bakin teku, inda mutum zai tsaya a tudu ya ga uwa da ɗanta suna wasa a ƙasansa. Tun shekarar 1992 kuma garin yake da wani ma'aikaci da ya yi suna, wato mai shelar wel. Aikinsa shi ne ya riƙa yawo a bakin teku yana duba ruwa. In ya hango su sai ya busa wani ƙaho da aka yi da busasshiyar ciyawar teku mai kauri, jama'a su ji su taru. Yadda ya yi busar shi ke nuna wajen da za a nufa.

Bakin Ruwan Bauchi

Bauchi ba ta da teku, amma Allah bai bar ta haka nan ba. In aka bi hanyar Gombe aka kai Dindima, inda kogin Gongola ya ratsa, sai a karkata kudu zuwa Mainamaji, ƙofar shiga Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Daga cikin gari zuwa masaukin Wikki tafiyar sama da kilomita 100 ce. An keɓe dajin a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a watan Disamba na 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne.

Zuciyar dajin ita ce kogin Gaji, wanda ba ya ƙafewa ko da bazara ta yi tsanani. Ɗaya daga cikin maɓuɓɓugan da ke ciyar da shi ita ce Wikki, wadda ruwanta ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau kamar madubi, ɗuminsa wajen digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Da damina ciyawa takan fi tsawon mutum, ruwa yana ko'ina, dabbobi sun watsu cikin daji, sai mai sa'a ke ganinsu. Amma daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da tafkuna suka bushe, ganye ya zube, sai ƙishirwa ta kora kowa zuwa Gaji: giwa da ɓauna, gwanki da kanki, gwambaza da mazo, ga dorina da kada a cikin ruwan, ga tsuntsaye fiye da iri 350. Zaki ma yana nan, ko da yake 'yan kaɗan ne suka rage. Kamar yadda Hermanus ke da watanninta, haka Yankari ke da nata, kuma sau da yawa hutun Ista yakan faɗo a tsakiyarsu.

Abin Da Allah Ya Nuna Wa Ayuba

Wani mai bi zai iya tambaya, mene ne haɗin kallon namun daji da rayuwar ruhaniya? Ashe ba yawon buɗe ido na masu kuɗi ba ne? Littafin Ayuba yana da amsa.

Ayuba ya rasa dukiyarsa da 'ya'yansa da lafiyarsa. Sura bayan sura yana neman a gaya masa dalili, abokansa kuma suna ta kawo nasu bayanai. Da Ubangiji ya yi magana a ƙarshe, daga sura ta 38 zuwa ta 41, bai bayyana masa dalilin wahalarsa ba. Sai ya zaga da shi cikin halitta. Ya tambaye shi ko ya san lokacin haihuwar awakin dutse, ko shi ya saki jakin jeji, ko shi ya ba jimina gudunta, ko da umarninsa gaggafa ke yin sheƙa a ƙwanƙolin dutse. Ya tuna masa cewa ana yin ruwan sama har a jejin da ba kowa a ciki. Daga nan ya nuna masa manyan halittu biyu, ɗaya a tudu da fadama, ɗaya a cikin ruwa, waɗanda ba mahalukin da zai sa musu igiya.

Me ya sa Allah ya amsa wa mai baƙin ciki ta wannan hanya? Domin wahala takan ƙuntata duniyar mutum har ya zamana ba ya ganin komai sai ciwonsa. Allah ya buɗe wa Ayuba ido ya ga cewa akwai dubban rayuka da ake ciyarwa, ake shayarwa, ake lura da haihuwarsu kowace rana, ba tare da saninsa ko taimakonsa ba. Wanda ke riƙe da duk waɗannan bai manta da shi ba. A sura ta 42 Ayuba ya amsa cewa dā labarin Allah yake ji, yanzu kuwa ya gani da idonsa, sai ya ƙasƙantar da kansa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Yesu ma haka ya yi. Da yake magana da masu damuwa a kan ci da sha da sutura, a Matiyu sura ta 6, ya umarce su su dubi tsuntsaye, su lura da furannin jeji. Umarni ne, kuma ba ya cikuwa a cikin ɗaki. Magidancin da kuɗin makaranta da kuɗin haya suka hana shi barci, in ya tsaya a bakin Gaji ya ga dabbar da ke cin ganye fiye da kilo 100 a rana, ba ta da rumbu, ba ta da albashi, ga ta kuma da rai da ƙarfinta, zai koma gida da wani lissafi dabam. Bashinsa yana nan, amma ya tuna girman wanda yake roƙo.

Lokaci Ba A Hannun Mutum Yake Ba

Akwai wani abu da duk mai ziyarar irin waɗannan wurare yake koya, ko yana so ko ba ya so. Kuɗin shiga ba ya sayen ganin giwa. Iyali sukan hau motar zagaya daji da sassafe, su yi awa biyu ko uku, su dawo ba su ga komai ba sai birai da gadu da sawun giwa a kan yashi. Washegari waɗansu su fita, ba su yi nisa ba sai ga garke ya tare hanya. A Hermanus ma mutum yakan wuni a kan dutse yana kallon ruwa kawai. Yaran wannan zamani sun saba da danna waya su ga abin da suke so nan take, saboda haka wannan jira yakan yi musu wuya. Amma makaranta ce mai kyau. Abin da mutum zai iya yi shi ne ya zo a lokacin da ya dace, ya yi shiru, ya zuba ido. Saura yana hannun Allah. Addu'a ma haka take.

Dabbobin kuwa ba sa kuskuren nasu lokaci. A kan wannan ne annabi Irmiya ya tsawata wa mutanen Yahuza. A sura ta 8 aya ta 7 ya kawo misalin shamuwa da sauran tsuntsaye masu ƙaura, waɗanda suka san lokacin tafiyarsu da na komowarsu, alhali jama'ar Allah ba su san abin da Ubangijinsu yake bukata a gare su ba. Manomin ƙasar Hausa ba ya bukatar a fassara masa wannan aya. In ya ga shamuwa ta sauka a kan itatuwan gari tana haɗa sheƙa, ya san damina ta ƙarato, sai ya fito da iri ya gyara fartanya. Shamuwa ba ta da kalanda, wel ba shi da agogo, giwa ba ta karanta taswira, amma kowannensu yana amsa kiran Mahaliccinsa a kan kari. Mutum ne kaɗai, wanda aka ba hankali da Maganar Allah, yake cewa sai gobe.

A Luka sura ta 19 Yesu ya yi kuka a kan Urushalima domin ba ta gane lokacin da Allah ya ziyarce ta ba. Kowane gida yana da irin waɗannan lokatai. Shekarun da yaro yake zama ya saurari mahaifinsa ba su da yawa, in suka wuce sun wuce. Akwai lokacin da za a iya shiryawa da ɗan'uwan da aka yi faɗa da shi a kan gona, akwai kuma ranar da sai dai a tsaya a bakin kabarinsa. Akwai lokacin tuba, Littafi Mai Tsarki kuma bai taɓa kiransa gobe ba. Mutanen Hermanus sun san cewa wanda ya zo a watan Maris ba zai ga uwa da ɗanta a lungun tekun ba, komai kuɗinsa.

Garken giwaye yana da wani darasi kuma game da wannan. Tsohuwar mace ce ke jagorantarsa, ita ce ta san inda ruwa yake a shekarar fari, da hanyar da ke da haɗari. Giwa takan ɗauki ciki wata 22, ɗan kuma yakan yi shekaru yana bin uwa da kaka yana koyo. Mafarautan haure sukan fi neman manya saboda girman haurensu, in kuwa suka kashe tsohuwar, garken ya rasa mai tuna masa hanya. Da tsohuwar zuma ake magani. Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Gidan da ya tura tsofaffinsa gefe, ya bar talabijin da waya su yi renon yara, ya yi wa kansa abin da mafarauci ke yi wa garke.

Wanda Ya Gani Ya Ɗauki Amana

Labarin Hermanus bai fara da masu kallo ba. Shekaru aru-aru jiragen ruwa na Turai da Amurka suna farautar wannan irin wel saboda mansa. Yana da sauƙin kashewa, domin yana tafiya a hankali, yana zuwa kusa da gaɓa, uwa kuma ba ta gudu ta bar ɗanta. Wurin haihuwarsu ya zama mayanka. Zuwa shekarun 1920 saura 'yan ɗaruruwa kawai a duk kudancin duniya. A 1935 aka yi dokar ƙasa da ƙasa ta hana kashe su, amma duk da haka jiragen Tarayyar Sobiyet suka kashe fiye da 3,000 a ɓoye tsakanin shekarun 1950 da farkon 1970. Doka a takarda ba ta tsare rai sai an sami masu tsoron Allah da masu tsaro. Da aka daina kisan da gaske, a 1986 kuma aka dakatar da farautar wel ta kasuwanci a duniya, sai suka riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har yau ana ƙidaya su da dubbai. Dabbar da dā sai an kashe ta take kawo kuɗi sau ɗaya, yanzu da ranta take ciyar da masu masauki da masu abinci da masu jiragen ruwa kowace shekara.

Yankari tana tsakiyar irin wannan labari, ba a kuma san yadda zai ƙare ba tukuna, domin ƙarshensa yana hannun mutanen wannan tsara. Dā akwai raƙumin dawa da kyarkeci a dajin, yanzu babu. A ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 an ga giwaye kusan 350. Bayan shekarun da mafarautan haure suka yi ɓarna, ƙiyasin ya sauko zuwa tsakanin 100 da 150, duk da haka suna cikin garkuna mafi girma da suka rage a Nijeriya. A 2014 gwamnatin jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS domin a ƙarfafa sintiri, kisan giwaye kuma ya ragu ƙwarai. Waɗansu ma'aikatan gandun sun rasa rayukansu a wannan aiki, sun bar mata da marayu. A watan Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta farfasa hauren giwa wajen tan biyu da rabi da aka ƙwace, a Abuja, domin a nuna cewa ba kayan ciniki ba ne.

Waɗansu sukan kafa hujja da Farawa sura ta 1, cewa ai Allah ya ba mutum mulki a kan dabbobi. Gaskiya ne. Amma sura ta 2 aya ta 15 ta nuna irin mulkin: an sa Adamu a gonar domin ya yi aikinta, ya kuma kiyaye ta. Mulkin wakili ne, wanda zai ba da lissafi ga mai gona. Dokar Musa ta hana wanda ya sami sheƙar tsuntsu ya kwashe uwa da 'ya'ya gaba ɗaya, sai ya saki uwar (Maimaitawar Shari'a 22:6-7). Ta kuma umarta a bar gona ta huta a shekara ta bakwai, matalauta su ci abin da ya tsiro, abin da ya rage kuma namun jeji su ci (Fitowa 23:11). Alkawarin bakan gizo ba da Nuhu kaɗai aka yi shi ba, har da kowane mai rai da ya fito daga jirgin. Littafin Yunusa ma, wanda yara suka fi tunawa saboda babban kifin da ya haɗiye annabin, ya ƙare ne da Allah yana bayyana tausayinsa ga mutanen Nineba da kuma dabbobinsu masu yawa.

Sai dai akwai wani ɓangare da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Giwar da ɗan birni ke sha'awa, ita ce manomin ƙauyukan gefen dajin ke tsoro. Da kaka, sa'ad da masara da dawa suka nuna, garke yakan fita daga gandun, a dare ɗaya ya cinye ya tattake abin da iyali suka yi damina guda suna wahala a kai. Mutumin da ya wayi gari ya ga gonarsa ta zama fili, ga yara, ga bashin taki, ba wa'azin kyan halitta yake bukata ba. An ɗauki matakai, kamar sa wa waɗansu giwaye na'urar da ke nuna inda suke, da naɗa mutane a ƙauyuka masu sanar da jama'a in garke ya doso, amma asara ba ta ƙare ba. A nan ne ikilisiya take da aiki. In masu bi na cikin gari suna so giwa ta rayu, sai su ɗauki rabonsu na nauyin. Ikilisiyar da ta iya tara kuɗin sayen kayan kiɗa za ta iya tara buhunan hatsi domin iyalin da giwa ta cinye wa gona, ko Kirista ne ko Musulmi, gama giwa ba ta tambayar addinin mai gona, ƙaunar maƙwabci ma bai kamata ta tambaya ba. Ba daidai ba ne talakan ƙauye shi kaɗai ya biya kuɗin abin da duniya duka ke jin daɗin kallo.

Akwai kuma abin da ya shafi kowane gida kai tsaye. Mafarauci ba ya shiga gandu sai don ya san akwai mai saye. Naman dajin da ake sayarwa a ɓoye, wanda kowa ya san inda ya fito, da buhun gawayin da aka sare itacen gandu aka yi, da wutar da ake cinna wa daji domin kama ɓera da zomo, duk suna da hannun mai saye a ciki. Mai bi ba zai raira waƙar yabon Mahalicci ran Lahadi, ran Litinin kuma ya sayi abin da aka sato daga gonar Mahaliccin ba.

Mai Busa Ƙaho

A koma ga mai shelar nan na Hermanus. Ba shi ke kawo wel ba, ba shi da iko a kan teku. Abin da ke wuyansa shi ne ya duba, in ya gani ya busa. In ya yi barci, dabbobin za su zo su wuce, baƙi kuma su koma gida ba su ga komai ba. Annabi Ezekiyel, a sura ta 33, ya yi magana a kan mai tsaron da aka ba ƙaho, wanda za a nemi alhakin jama'a a hannunsa in ya gani ya yi shiru.

A cikin gida, iyaye ne masu ƙahon. Ba su ne za su sa bangaskiya a zuciyar yaro ba, wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Nasu shi ne su kai yaron inda zai gani, su nuna masa, su gaya masa sunan wanda ya yi. Yaron da ya tsaya kusa da mahaifinsa ya ga giwa ta fito daga cikin kurmi, ya ji mahaifin ya yi ƙasa da murya yana girmama Allah, ba zai manta da wannan rana ba ko ya tsufa.

Tafiyar ba ta fi ƙarfin masu ƙaramin hali ba in an haɗa kai. Zumuntar mata, ko ta matasa, ko malaman makarantar Lahadi za su iya yin adashi tun daga Kirsimeti, su ɗauki mota guda a lokacin hutun Ista. Kafin a tashi a tambayi hukumar gandun halin hanya da na tsaro da kuɗin shiga. A fita da asuba, domin da sanyin safiya da na yamma ne dabbobi suka fi fitowa. A bi umarnin ɗan jagora, kada kowa ya sauka daga mota sai ya ce, kada a yi hayaniya. A riƙe abinci da kyau, gama biran masaukin Wikki sun gwanance wajen fizge leda daga hannun yara, kada kuma a ba su da gangan. A lura da ƙanana a bakin ruwan Wikki. A kwashe duk leda da robar da aka zo da su. A keɓe ɗan lokaci a inuwa a karanta Zabura ta 104, wadda ta zaga duwatsu da maɓuɓɓugai da teku da manyan halittun cikinsa, ta nuna dukansu suna zuba wa Allah ido domin abincinsu a kan kari. In kuma ba a ga giwa ba a wannan karo, a gode wa Allah saboda sawunta, a sake shiri baɗi.

Wanda bai sami zuwa ba, shi ma ba a bar shi a baya ba. Shamuwa tana zuwa har cikin gari. Uba zai iya fitowa da 'ya'yansa ƙofar gida a farkon damina ya nuna musu ita, ya buɗe musu Irmiya sura ta 8.

Kammalawa

Manzo Bulus ya rubuta wa Kolosiyawa cewa ta wurin Almasihu aka halicci dukan abu, dominsa kuma aka yi su. Ya gaya wa Romawa cewa halitta duka tana nishi kamar mai naƙuda, tana jiran ranar da za a 'yantar da ita daga ruɓewa. Saboda haka wel na tekun kudu da giwar Yankari suna da Maigida, kuma tashinsa daga matattu, wanda ake bikinsa a daidai lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin Gaji, shi ne jinginar sabuntawar dukan abu. Kafin wannan rana ta zo, an bar wa mutane amana. Mutanen Hermanus sun karɓi teku da ya kusa zama kango, suka miƙa wa jikokinsu shi cike da rai. Jikokin mutanen Bauchi su ma za su zo su tambayi abin da aka yi da nasu rabon.

Ubangiji ya ba kowane iyali idon ganin ayyukansa, da zuciyar gane lokacin ziyararsa, da hannun da zai kiyaye abin da ya danƙa. Ya ta'azantar da iyalan masu tsaron daji da suka rasu a bakin aiki, ya cika rumbun manoman da suka yi asara, ya kuma sauko da damina mai albarka. Amin.